Abin da Ke Cikin Safar Baba

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu na Ƙofar Jatau wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kira sunana ba. In yana nemana sai ya ce wa Inna, "Ina wancan?" In na shigo zaure na durƙusa na gaishe shi, yakan amsa ne idonsa na kan ɗinkinsa. Sana'arsa ke nan, aikin hannu na manyan riguna, aska biyu da aska takwas, yana zaune a kan buzu, allurai soke a gefen matashi. Na yi karatun likita na gama, na dudduba jikin mutanen da ban san iyakarsu ba, amma ban taɓa ɗora hannuna a jikin mahaifina ba. Ko abin awon jini na ɗauko, sai ya kawar da kai ya ce wa bango, "A bari, likitana zai zo."

Likitan nasa abokina ne. Tare muka yi makarantar allo, tare muka yi boko, tare muka shiga karatun likita, ɗakinmu ɗaya, kwanonmu ɗaya. Abin da kunya ta hana Baba ya yi da ni, da shi yake yi. Ya kira shi "ɗana" baki buɗe, ya tsokane shi a kan tumbin da ya fara ajiyewa, su yi ta dariya ina tsaye a bakin ƙofa kamar baƙo. Ban taɓa jin haushi ba, wallahi daɗi nake ji. Da muka gama, shi ya buɗe ɗan asibitinsa a Gyallesu, ni kuwa aiki ya jefa ni Legas.

Shekarar da aka gano Baba yana da ciwon suga, kafin in koma bakin aiki na je Gyallesu na same shi a ofis. Na ce, "Mutumina, ga Baba nan. Ka san ni ba zan iya ba. Amana ce na ba ka."

Ya bugi ƙirji ya ce, "Haba! Baba ai ubana ne. Je ka yi barcinka har da minshari."

Na kuwa yi barcin. Ina da dalili. Malami ɗaya ya koya mana duba mara lafiya, wani tsohon farfesa mai zafin rai wanda ba ya ƙyale ko ƙwayar zarra. A wurinsa dubawa daga kai take farawa. Ka ja fatar ido ka ga ko jini ya yi ƙasa, ka leƙa baki, ka shafa wuya, ka saurari ƙirji gaba da baya, ka danna ciki, sannan ka sauka ƙafa. In mai suga ne kuwa, a ƙafar za ka fi daɗewa. Ka buɗe tsakanin yatsu, ka ɗaga tafin ƙafa ka gani da idonka, ka nemi bugun jijiya a bayan ƙafar, ka tsikare shi da wani siririn zare mai tauri ka tambaye shi ko ya ji, domin suga yana kashe jin ƙafa, mutum ya taka ƙusa ya wuce abinsa. Sai ka gama duk wannan za ka zauna ka rubuta a fayil, gaɓa gaɓa. Yakan buga alƙalami a kan tebur ya ce, "Abin da idonka bai gani ba, hannunka bai taɓa ba, kada ka rubuta. In ba ka duba ba, rubuta ba ka duba ba. Wanda zai karanta bayanka ba shi da ido sai naka." Abokina ya fi kowa iya kwaikwayon muryarsa. A ɗaki yakan ɗauki cokali ya yi ta buga akwati yana maimaitawa, mu kuma muna ta faɗuwa don dariya.

To, duk wata yakan je gida ya ga Baba, ya rubuta abin da ya samu, ya ɗauki hoton takardar ya turo mini ta waya. Kai, rubutu ne mai kyau! Tun daga ido har zuwa ɗan yatsan ƙafa, babu abin da ake tsallakewa. Layin ƙarshe kullum na ƙafafu ne: babu miki, babu kumburi, jijiya na bugawa, yana jin taɓi a duka biyun. Ina karantawa a tsakanin marasa lafiya, in yi hamdala in mayar da waya aljihu. Har ƙananan likitocin da ke ƙarƙashina na taɓa tarawa, na rufe sunan, na nuna musu na ce, "Ku ga yadda ake rubutu, ba irin jagwalgwalon da kuke yi ba." Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji kamar in mari kaina. Ni duk fargabata a kan ƙoda da ido take, su nake ta tambayarsa. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Sunan ɗan ƙanwata ne ya kawo ni gida. Bayan an watse da hantsi, Inna ta ja ni gefe kusa da madafa ta ce, "Likita, wani wari ne ya addabe mu a turakar Malam. Mun fitar da kaya, mun ɗaga katifa, ba mu ga mushen ɓera ba. Turaren wuta ma ya kasa."

Na shiga turakar, babu kowa, warin kaɗan ne. Na fito zaure inda Baba yake zaune, sai warin ya doki hancina sosai. Wanda ya taɓa aiki a ɗakin masu miki ba ya manta wannan warin. Na dubi ƙafafunsa. Suna cikin huffi, safar nan ta fata da ya daɗe yana sawa tun da ya fara cewa ƙafafunsa na jin sanyi, in zai yi alwala ma shafawa yake yi a kanta.

Na fita waje na kira abokina. Yana Kaduna wajen ɗaurin aure, ana ta hayaniya a bayansa. Ya ce, "Makon jiya fa na duba shi, ai na turo maka. Garau yake." Na kashe waya, na aika aka kira Baffa, ƙanin Baba, wanda shi kaɗai ke iya yi masa gardama. Na yi masa bayani a ƙofar gida. Ya shiga ya zauna gabansa ya ce, "Yaya, cire safar nan mu gani." Ni ina tsaye daga bakin ƙofa.

Baba ya yi ta ja-in-ja, daga baya ya miƙa ƙafar dama. Da Baffa ya zare safar, akwai tsumma ɗaure a ciki. Da ya kwance tsumman sai ya yi salati da ƙarfi ya toshe hanci. Daga inda nake tsaye na ga abin da ya ishe ni. Yatsu sun yi baƙi, tafin ƙafa ya rarake, kumburi ya haura idon sawu.

"Ɗan ƙurji ne," in ji Baba. "Na sa masa zuma na ɗaure. Ai ba ya ciwo."

"Tun yaushe, Yaya?"

"Tun kafin azumi."

A lokacin har babbar salla ta wuce. Baffa ya ce, "To shi likitan naka bai gani ba?"

Baba ya yi murmushi, irin na mai yabon ɗansa. Ya ce, "Yaron nan akwai ladabi. Bai taɓa sa ni na cire ko hula ba."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga baya Inna ta ba ni sauran labarin, ita da take kai musu fura. Yakan zo ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ɗaura abin awon jini a hannu, ya soki yatsa ya auna suga, ya ɗora abin sauraron ƙirji a kan babbar riga mai aiki. Sai hira ta ɓarke, siyasa da labarin 'yan unguwa. In ya sha furarsa ya koma mota ya zauna ya yi rubutu.

Muka ɗauki Baba zuwa babban asibiti. Hoton ƙashi ya nuna guntun allura a cikin tafin ƙafar, irin tasa ta ɗinki, ta karye ya taka bai sani ba. Ciwon ya riga ya ci ƙashi. Likitan tiyata ya kira ni gefe, bai ma yi dogon bayani ba don ya san na gani. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Mutumin da bai taɓa yarda ya hau keke napep zuwa masallacin Juma'a ba, wai me aka yi wa ƙafa, shi ne aka turo mana a kan gado zani ya lotsa a gefe ɗaya.

Abokina ya zo asibiti da lemo da ayaba, na bar masa ɗakin. Sai da Baba ya fara samun sauƙi na je Gyallesu. Na rufe ƙofar ofis ɗinsa, na ajiye wayata a kan tebur, takardarsa ta ƙarshe a buɗe. Na ce, "Karanta mini layin ƙasa."

Bai karanta ba. Ya ce, "Mutumina, ka san Baba. Ta yaya zan dubi tsabar idonsa in ce ya tuɓe? Mutumin da ya goya ni a kekensa? Kai da kake ɗansa, ka iya?"

Na ce, "Ban iya ba. Shi ya sa na kawo maka. Amma ni ban taɓa rubuta na duba ba."

"Ina tambayarsa fa. Kullum sai na ce Baba ya ƙafa, ya ce lafiya lau."

"To me ya hana ka rubuta haka? Ka ce mara lafiya ya ce lafiya, ban duba ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kai ka fi kowa sani. Kunyar da ta hana ka cire masa safa, ina ta tafi da ka ɗauki biro? Jijiya na bugawa! A ina ka ji ta, a cikin fura? Wallahi da sau ɗaya ka rubuta ba ka duba ba, da na nemo bare, wanda bai san Baba ba bai san gidanmu ba, ya zo ya ce tsoho cire safa. Da yanzu yana da ƙafarsa. Ka rufe mini ido da rubutunka, ina can ina nuna wa yara ina yabonka."

Ya sunkuyar da kai. Na ɗauka kuka zai yi, kuma da ya yi, ban san abin da zuciyata za ta yi ba, don shekarun da muka yi tare ba wasa ba ne. Sai ya ɗago ya ce ƙaddara ce, kowa da abin da Allah ya rubuta masa, kuma ai kowa haka yake yi in mara lafiya ya yi yawa. Sannan ya rage murya ya ce, "Hotunan nan da ke wayarka, don Allah, don zumunci... ka san yadda garin nan yake da surutu."

Tir! A nan ne na ji abin ya tsinke. Ƙafar ubana tana cikin ƙasa an binne, shi kuma sunan asibitinsa yake yi wa jinya. Na ɗauki wayata na fita. Ban zage shi ba, kuma har yau ina jin haushin ban zage shi ba. Cin amana ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Baba dai ban gaya masa abin da abokina ya yi ba. Baffa ya ce a bar tsoho da abin da ke damunsa, na bi maganarsa. Baba ya dawo gida, aka mayar masa da buzunsa zaure, yana salla a zaune. In an kira salla yakan miƙa hannu wajen takalmi, sai ya tuna ya janye. Na nemi canjin wurin aiki na dawo kusa da gida.

Wata safiya na shigo na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana ƙoƙarin sa zare a allura, ya daɗe yana nema bai samu kafar ba. Can ya ce, kamar da ƙofa yake magana, "Ɗan'uwan wancan fushi ya yi da mu ne? Ya ɗauke ƙafa. A ce masa ya zo ya duba ni, shi ya san jikina."

Ban tashi daga durƙuson ba, na matsa gaba da gwiwoyina har bakin buzun, inda ban taɓa kaiwa ba tun ina yaro. Na kama ƙafarsa ta hagu. Ya ja, na riƙe. Ya ɗaga murya ya ce wa Inna da ke tsakar gida, "Me wancan yake yi ne?" Na zare safar.

Ya juyar da fuskarsa ga bango. Ƙafar ta bushe, ta yi sanyi, diddige duk faso. Na buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, na ɗaga tafin na duba, babu miki, alhamdu lillahi. Na nemi jijiya, da ƙyar na same ta, can ƙasa-ƙasa. Na ciro zaren nan daga aljihu na tsikari babban yatsa.

"Baba, ka ji?"

Na ce a raina kunya ce, ba zai amsa mini ba. Na tsikari tsakiyar tafin, na tsikari diddige, na koma na danna har zaren ya lanƙwashe.

"Baba, don Allah, in ka ji na taɓa ka ce mini."

Bai juyo ba. Ya ce wa bango, a hankali, "Wai ya fara ne?"