Murfin Kwalba a Takalmin Kawu Tong

Da asuba, kafin masu shara su fito, Kwok Yiu-tong, wanda ake kira Tong, yana kan rufin benensu a unguwar Sham Shui Po yana koyon ɗingishi. Ya sa murfin kwalba a takalminsa na hagu, haƙoran murfin suna kallon sama, yana kai da kawo tsakanin tankin ruwa da igiyoyin shanya. Shekarunsa sun haura saba'in. Fiye da rabinsu da ɗingishi ya yi su ba wanda ya koya masa, yau ga shi yana nema abin ya ƙi zuwa.

Aikin Tong tun yana saurayi shi ne faɗuwa. In aka zo inda jarumin fim zai diro daga bene, ko a wurgo shi ta taga, sai a zaunar da jarumin a inuwa a miƙa masa shayi, a sa wa Tong rigarsa. Bayansa kaɗai ake nunawa. Wanda ya fi yi wa wannan aiki shi ne jarumi Pang Kam-hoi, wanda Tong yake kira Yaya Hoi, don tsayinsu ɗaya, faɗin kafaɗarsu ɗaya.

A ƙarshen fim ɗin da ya ɗaukaka Pang, jarumi ya gama da abokin gabarsa, sai ya diro daga katangar haikali ya kama hanya. Tong ne ya yi dirar. Ruwa ya jiƙa kwalayen da aka jera masa a ƙasa, suka lotsa, kwatangwalonsa ya tsage. Darakta bai ce a tsaya ba, shi kuma a sana'arsu ba a tsayawa sai an ce. Ya tashi ya yi ta tafiya yana jan ƙafar hagu har ya sha kwana, can ya faɗi.

Wannan tafiya ita mutane suka riƙe. Yara suka dinga yin ta a filin makaranta. Pang ma, in an gayyace shi biki, da ita yake hawa dandamali a yi ta tafi. Tong ya warke a karkace, ya ci gaba da faɗuwa har jiki ya ƙi, ya koma gadin wani bene. Bai taɓa kai ƙorafi ba, kuma in wani ya soma ba da labarin a shagon shayi sai ya tashi ya biya ya fita.

Bara aka yi masa aiki aka sa masa sabon kwatangwalo na ƙarfe. Ya miƙe kamar sanda. Matarsa Sau-king, wadda ta tsufa a kan keken ɗinki a masana'anta, har yanzu in suna hawa bene takan tsaya a tsakiya ta juya don ta jira shi, sai ta ga ya riga ta wucewa.

Sai ga wayar Pang. Za a ci gaba da tsohon fim ɗin a talabijin, shiri mai dogon zango, jarumin ya tsufa ya buɗe makarantar dambe. Da wannan katanga da wannan hanya za a buɗe kashi na farko.

"Na gwada, Tong," in ji Pang. "Yarinyar nan darakta ta ce tawa ta biki ce. Ta ce in kawo mai abin."

"Me zan yi, Yaya Hoi?"

"Ba komai. Ka zo ka yi tafiyarka kawai."

Tong ya ce to. Bai ambaci asibiti ba.

Sau-king ce ta hau rufin da asubar nan da kwandon wanki, ta tsaya tana kallonsa.

"Tsoho, ka haukace ne?"

"Motsa jiki nake."

"Wannan motsa jiki ne? Kamar agwagwa ta taka ƙusa. Cire takalmin in gani."

Ya cire. Safar ta yi jini. Ta ɗauki murfin ta juya shi a tafin hannunta.

"Na giyarka ne ma. Likita ya ce kada ka murɗa ƙafar nan, kada ka yi tsalle ko daga kan kujera. In ƙarfen ya goce, keken guragu ne. Wa zai hau da kai benen nan? Yaya Hoi naka da tumbinsa?"

"Tafiya ce kawai."

"Shekara arba'in ina ɗaukar maka kayan cefane saboda tafiyar nan."

Tong ya karɓi murfin ya mayar. A duk finafinan da ya yi, ba sunansa, ba fuskarsa. Tafiyar nan ce kaɗai tasa, ko da an ce ta wani ce. Bai faɗa mata haka ba, bai iya irin wannan magana ba. Ya ɗaure igiyar takalmi. Ita kuma ta sauka ta ɗora romo a wuta, ta ce da ita za a je.

A Sai Kung, can bayan gari, aka sake gina katangar da katako da fenti. Ranar farko ce ta ɗaukar fim, an kunna turare, an yanka gasasshen alade, kowa ya sunkuya ya nemi sa'a. Pang ya rungume Tong a gaban ma'aikata yana cewa ga ƙafafunsa na gaskiya sun iso. Darakta Yeung, wadda ba a haife ta ba lokacin da aka yi fim ɗin, ta gaishe shi da hannu biyu, ta kira shi Kawu Tong. Aka sa masa doguwar riga mai ruwan toka.

Ya yi tafiyar. Ta ce a sake. Ya sake. Ta kira shi gaban allo, ta nuna masa tsohuwar da sabuwar gefe da gefe.

"Kawu, a nan ƙugu ne yake faɗuwa. A nan kuma kamar tafin ƙafa ne yake maka ciwo. Ka ji rauni ne?"

"Na warke ne," in ji Tong.

Pang ya fashe da dariya shi kaɗai, da ya ga ba mai taya shi sai ya koma tari.

Mai tsara faɗa ne ya kawo shawara. Ya ce jiki yana tuna abin da kai ya manta. Katangar ba ta kai tsohuwar tsawo ba, ga katifu masu kauri, ba kwali ba. Kawu ya diro sau ɗaya, in ya tashi tafiyar za ta zo da kanta. Darakta ta ce ba ta tilasta kowa. Pang ya ce Tong ya taɓa dirowa daga inda ya ninka wannan sau uku, wannan ai wasan yara ne.

Tong ya kama tsani ya hau. Daga sama ya duba katifun, ya ga an jera su daidai. Ya duba hanyar. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe da kansu kamar yadda suka saba in zai diro. Sau-king tana zaune a kan akwatin fitila da kwanon romo a cinyarta. Ba ta yi ihu ba, ba ta ɗaga kai ba. Ta buɗe kwanon, ta zuba a kofi, ta riƙe.

Aka ce a fara. Kyamara tana aiki, shi yana tsaye. Ya daɗe a haka har mai riƙe da sandar sauti ya sauya hannu. Daga nan ya juya baya, ya laluba tsanin da ƙafa, ya sauko mataki mataki.

Ya tuɓe rigar ya ninke ta da kyau ya miƙa wa mai kula da kaya. Ya zauna kusa da matarsa, ya cire takalmi ya kaɗe, murfin ya faɗo ya gangara ƙarƙashin mota. Ya shanye romon.

"Gishiri ya yi yawa," ya ce.

"Gobe ka dafa da kanka."

Pang ya zo ya tsaya a kansu. "To yanzu ya za mu yi, Tong?"

"Ka yi taka, Yaya Hoi. Shekara arba'in suna yi mata tafi."

Haka kuwa aka yi. Da rana Pang ya yi tafiyarsa ta biki, aka ɗauki hotonsa daga nesa, darakta ta ce ya isa.

Tong bai tsaya kallo ba. Mu ma'aikatan fim da muke naɗe wayoyin fitila a bakin titi muka ga sun fito, shi da jakar da kwanon, ita a bayansa. Ƙaramar bas mai koren rufi ta riga ta taso daga tasha. Tong ya ɗaga hannu, direba bai gani ba. Sai ya danna da gudu, jakar tana bugun cinyarsa, ya cim ma bas ɗin a kwana, ya buga mata gefe da tafin hannu, ya sa ƙafa ɗaya a ƙofa ya tsaya yana jiran Sau-king.