Kitsen da Muka Tarar a Ragar Duro

Wata Asabar da hantsi, cikin dogon hutun shekarar da na gama aji huɗu na firamare, muka ji ƙarar ƙarfe daga bakin hanya, sai ga Abbanmu yana mirgino wani tsohon duro shuɗi da ƙafa, babbar riga a saɓe a kafaɗa. Daga Jabi ya sayo shi. Umma ko sannu da zuwa ba ta yi masa ba, ta sunkuya ta shinshina bakin duron ta ce, "Malam, me aka taɓa zubawa a cikin abin nan?" Haka Umma take, ko ƙwai aka ba ta kyauta sai ta girgiza shi a kunne. Abba ya ce man gyaɗa ne, ta ce ita dai hancinta bai yarda ba.

A lokacin muna haya ne a Orozo, don albashin ma'aikatar Abba ba ya kama ɗaki a cikin gari. Mai gidan namu, Baba Danjuma, manomin doya ne ɗan asalin wurin, Kirista, tsakar gida ɗaya muke da iyalinsa. 'Yarsa Talatu ita ce ƙawata, tare muke ɗebo ruwa, tare muke carafke a gindin mangwaro. Shi ya ce wa Abba, "Oga, wannan duro za ta yi banda mai kyau," kuma shi ya nuna yadda za a yi. Suka fara cika shi da kirare suka banka masa wuta har fentin ya ƙone ƙurmus, sannan aka kira mai walda ya yanke 'yar ƙofa a ƙasa ta saka itace, ya huda gefe aka zura rodi, aka ɗora ragar waya a kai. Murfinsa buhun algarara ne da ake jiƙawa. Ni da Talatu aikinmu yawon neman ɗusar katako wurin kafintoci, da kore kaji. Ranar da Abba ya kawo tarwaɗa daga kasuwar Kado aka lanƙwasa su aka jera, wallahi ƙamshin har masu wucewa sai da suka leƙo. Daga nan duro ya zama na gida biyu, kowa ya samu abin banda ya hura.

Umma ta ci kifin, amma hankalinta bai kwanta ba. Duk ranar da maƙwabta suka hura wuta, sai ta ƙirƙiro shanya a kusa da duron, tana satar kallon abin da ke ƙarƙashin buhu. Da muka dawo daga Zariya bayan Babbar Sallah, sai muka tarar da farin kitse ya daskare a jikin ragar, har ya ɗiɗɗiga cikin toka. Umma ta lakato da tsinke, ta kai hanci, ta dube ni. "Kifi ba ya irin wannan kitsen," in ji ta, "ruwa ba ya tsami banza." Ba ta ambaci alade ba, ni ma ban ambata ba. Abba ya ce ta tambaya mana, ta ce da wane bakin? Daga ranar aka hana ni cin komai daga hannun Talatu. Ta miƙo mini gasasshiyar doya, na ce na ƙoshi, alhali yawuna na tsinkewa. Har ni na koma ina leƙa kwandon shararsu ko zan ga ƙashin da ban sani ba.

Ran Lahadi Umma ta jira suka tafi coci, ta ciro ragar ta kai bayan ɗaki, ta shiga wanke ta irin wankin da ake yi wa kwanon da kare ya lasa, sau bakwai, har da ƙasa. Ni ke zuba mata ruwa da buta. Ashe Maman Talatu ba ta je ba, zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta girma cikin Musulmi, ta san ma'anar wannan ƙasar sarai. Ta fito dafe da bango, ta gan mu.

"Maman Hadiza, naman Sallah ne fa. Wanda kin aiko Hadiza ta kawo mana. Mun yi banda don kar ta lalace."

Cinyar ragon layyarmu ce, ni na kai musu ita a faranti kafin mu tafi Zariya. Umma ta saki ragar, hannunta duk taɓo. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan ajiye butar.

Ba a yi faɗa ba, da ma an yi da ya fi sauƙi. Umma ta ba da haƙuri, aka ce ba komai. Amma kafin sati ya zagayo Baba Danjuma ya sayo nasa duron, ya kafa shi can bayan rumbunsa, shi kaɗai ya ƙone shi, bai kira Abba ba. Talatu ba ta daina gaishe ni ba, sai dai ba ta sake miƙo mini abin ci ba har muka bar gidan.

Yanzu ina zaune a gidan bene mai katanga da waya a sama, bandar kifi kuma a leda nake saye, ban san hannun da ya yi ta ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Maƙwabcina na ƙofa da ƙofa ko sunansa ban sani ba, balle mu haɗa wuta. Wani lokaci in na ji ƙamshin hayaƙi a hanya sai in ji ina kewar mutanen da suka san abin da ba ma ci, suka kiyaye mana shi ba tare da mun roƙa ba. Tambaya ɗaya ce muka kasa yi musu.