Wa Zai Riƙe Mini Numfashi, Manang Petring?

Ranar Talata, 28 ga Oktoba, ina tsaye a kasuwar kifi ta garinmu Iloilo aka kira ni a waya: Manang Petring Sumagaysay ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar gidanta, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Saura kwana biyar mu 'yan ƙungiyar mawaƙan coci mu rera waƙar addu'ar matattu a babban coci, wadda muka shafe wata huɗu muna bitarta.

Manang, shekara goma sha bakwai muna tsayuwa kafaɗa da kafaɗa a sahun mata masu kaurin murya. Ranar da na fara zuwa kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Wannan ƙirjin naki ko kyandir ba zai kashe ba." Na ji haushi ƙwarai. Washegari kika zo mini da shayin citta mai zafi, kuma ba ki fasa ba har makon jiya.

A ƙarshen waƙar akwai wani dogon jan murya, inda ake roƙa wa mamata hutu, wanda babu mahalukin da zai kai shi da numfashi ɗaya. Shi ya sa ake haɗa mu bibbiyu: ɗaya ta saci numfashi, ɗaya ta riƙe, mai sauraro ba zai ji tsinkewa ba. Ni ce abokiyarki. A ƙa'ida kowa sau ɗaya ne, amma ni sau biyu nake sata, ke kina rufa mini asiri. Ba ki taɓa gaya wa kowa ba.

Jiya a bita muka iso wajen. Na saki kamar yadda na saba, sai waƙar ta yanke tsakiya, kowa ya ji. Shugabanmu Maestro Gaudencio, mutumin da ba ya yafe kuskure, ya sauke hannunsa. Na roƙe shi ya haɗa ni da wata ko ya cire ni. Ya ce wa zai koyi numfashin wani a kwana biyu?

"Ki tsaya inda kike, Luningning. In ta tsinke, ta tsinke."

Gobe Lahadi coci zai cika, mijinki Manong Teodorico ya ce a sahun gaba zai zauna. Na gwada a ɗaki, na gwada a bakin teku, ban kai ba. Dabara ta ƙare mini. Za ta tsinke, Manang, kuma a gabansa.

Ubangiji ya gafarta miki, ya ba ki madawwamin hutu, ya haskaka makwancinki. Ya ba Manong da 'ya'yanki, Rodel da Consolacion, haƙurin wannan rashi. Ni kuma ya ba ni ƙarfin buɗe baki gobe. Amin.