Kwana Bakwai na Shafin Metir

A shekarar da rikici ya sa aka rufe mu a cikin unguwar Kilomita Biyar, kullum sai na buɗe shagona na kan Titin Koudoukou, ko da babu mai saye. Waya nake gyarawa, ina kuma zuba wa mutane waƙoƙi da finafinai a kati. Kafin rikici abin da ya fi tafiya shi ne faɗan keji, wasan nan da ake haɗa dambe da kokawa da shuri, har ɗaya ya sallama ko alƙali ya raba. Yawan kallonsa ne ya kai ni ga babban kundin sani na intanet, wanda kowa ke iya rubutu a ciki. Na fara da gyaran kurakurai a sashen Faransanci. Daga baya na shiga cikin masu duba shafukan 'yan wasa, muna yanke wanda ya cancanci zama da wanda za a goge.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Ko dai mutum ya yi faɗa a manyan gasa, ko jaridu masu zaman kansu sun yi rubutu a kansa, rubutu na gaske, ba ambaton suna a cikin jeri ba. In babu, a goge.

Da hanyoyi suka toshe, wannan ya zama aikina na yini. In na ji harbi daga bakin unguwa sai in jira ya lafa, in duba ko akwai rezo, wato sabis ɗin intanet. In buɗe shafin wani ɗan Brazil, in ƙirga faɗansa, in rubuta, "Babu majiya. A goge." Ba na jin komai. Abinci ma haka nake cinsa a lokacin.

Akwai wani maƙwabcinmu tun muna zaune a unguwar Miskine, kowa Metir yake ce masa, wato malam da Faransanci. Makanikin babur ne. Ubansa Bahaushe, uwarsa 'yar bakin kogi, shi ya sa in Hausa ta ƙare masa sai ya ƙarasa da Sango, yaren ƙasar. Sau biyu ya je Douala ya shiga keji, ya ci ɗaya, aka ci shi ɗaya. A bayan garejinsa ya shimfiɗa tsofaffin katifu yana koyar da duk wanda ya zo, Musulmi da Kirista. Tare muka gudo Kilomita Biyar. Wata safiya ya ce zai koma Miskine ya ɗauko keken ɗinkin matarsa. Da la'asar aka kawo shi masallaci a cikin amalanke. Na je jana'iza, na dawo na ƙarasa sa wa wata waya gilashi.

Bayan sadakar bakwai yayarsa ta zo shago. Atamfa take sayarwa a kasuwa, babbar mace ce, ba ta da yawan magana.

Ta ce, "Ƙanena, an ce kai kake rubuta mutane a cikin waya."

Na ce, "Wasu, Yaya. Ba kowa ba."

"To ka rubuta shi. 'Ya'yansa ƙanana ne. In sun girma a wata ƙasa, su buɗa su gani."

Na san ƙa'idar, na kuma san Metir bai cika ta ba. Duk da haka na zauna na rubuta layi goma sha wani abu: inda aka haife shi, garejinsa, faɗansa biyu, ranar da ya rasu. Da ta dawo na nuna mata sunansa a saman shafi da manyan baƙaƙe. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Singila," wato na gode da Sango, ta tafi.

Kwana biyu shafin ya yi aka liƙa masa alamar gogewa. In an yi haka ana ba da kwana bakwai a tattauna. Mutum uku suka yi magana, duk na san su da sunayen aro, mun sha yin aiki tare. Na farko ya ce faɗa biyu ne kacal, a ƙaramar gasa. Na biyu ya ce babu majiya. Na uku ya yi mini ta'aziyya, ya ce in akwai jaridar da ta taɓa rubutu a kansa, in ɗauki hotonta in turo, zai tsaya mini.

Akwai jaridar. Da idona na gan ta, rabin shafi, da hotonsa ya ɗaga hannu. A cikin akwatin ƙarfe Metir yake ajiye ta, a gidansa na Miskine. Daga shagona zuwa can bai kai tafiyar rabin sa'a a ƙafa ba. Wani ɗan acaba Kirista da har lokacin yake shigo mana da ganyen miya a ɓoye ya yarda zai leƙa. Washegari ya dawo ya ce babu kwano, babu ƙofa, babu akwati, awaki ne kawai a tsakar gidan.

A rana ta shida na rubuta musu, "Kuna da gaskiya. Ba ni da hujja." A ta bakwai aka goge. Ina cin gyaɗa lokacin da na gani, na ci gaba da ci.

Yaya ta zo ana gobe wani ayarin manyan motoci zai tashi zuwa Kamaru. Ta samo wa kanta da matar Metir da yaran wuri a bayan wata mota, a kan buhuna. Ta ce in sa mata shafin a wayarta.

Na ce, "An cire shi, Yaya."

"Wa ya cire?"

"Mu. Masu dubawa."

"Ƙarya ka rubuta?"

"A'a. Sun ce babu shaida a rubuce."

Ta zauna a benci ta kwance bakin zanenta ta sake ɗaurewa. Ta ce, "Ni ba shaida ba ce?"

Na ce a wurinsu 'yan uwa ba sa shiga lissafi. Ta tambaya ko ina da sauran rubutun. Ina da shi. Na karanta mata layi-layi, ina juyawa zuwa Hausa. Da na zo inda na ce ya karye a hannu a faɗansa na biyu, sai ta ɗaga yatsa.

"Wannan ba haka ba ne. Da karayarsa ya tafi. Daga kan mangwaron gidanmu ya faɗo, sati biyu kafin tafiyar. Kunya ce ta hana shi faɗa muku."

Na gyara. Ta sake gyara mini shekarar haihuwarsa, ashe na rage masa shekara biyu. Sannan na yago takarda daga littafin shago na kwafe duka da biro, da Faransanci a gaba, da Hausa a baya. Ta linke ta huɗu ta sa a cikin jakar da take ajiye takardun yara.

Ban raka su tasha ba, akwai wayar wani da na yi alkawari. Bayan kwanaki aka ce ayarin ya tsallaka iyaka lafiya.

Na ci gaba da duba shafuka har wajen damina, sannan batirin kwamfutata ya kumbura, ban samu wani ba. Da hanya ta buɗe kaya suka fara shigowa, na sayi sabo, amma na manta kalmar sirrina, ban kuma nemi a sabunta mini ba.