Ranar da Na Ƙona Rubutun Mahaifina

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda ya kamata in riƙe, amma akwai wata ranar Laraba da na tabbata da ita zan shiga kabari. Duk sanda ta faɗo mini a rai sai in ji zuciyata ta tafasa, kuma ba da kowa nake fushi ba sai da kaina.

Ni tela ne, shagona yana nan wajen Ƙofar Taramniya. Karatuna bai yi nisa ba. Boko a aji huɗu na tsaya, na allo kuwa da ƙyar na sauke, na gudu wajen keken ɗinki. Abin da ya sa wannan ya zama abin faɗa shi ne mahaifina malami ne da ake zuwa ɗaukar karatu wurinsa daga ƙauyuka. Da ya rasu ya bar akwatin ƙarfe cike da takardu, duk rubutun hannu, wasu nasa wasu na malamansa. Na kulle akwatin a shigifa, fiye da shekara ashirin ban buɗe ba. Idan an tambaye ni sai in ce girmamawa ce. Gaskiyar magana ba na iya karanta abin da ke ciki, kuma ba na son a tuna mini.

Ɗiyata ta uku ita ce ta fara shiga jami'a a gidanmu. Da ta gaya mini an ba ta kimiyyar bayanai da fasahar zamani, sai na tambaye ta idan ta gama me za a riƙa kiranta, tunda ba likita ba ce, ba lauya ba. Ta yi dariya ta ce aikinsu shi ne tsara bayani yadda mai nema zai same shi ba wahala. Ban gane ba, ban kuma sake tambaya ba. A majalisa ina cewa kwamfuta take karantawa, shi ke nan. Shekara huɗu yarinyar nan tana fita da sassafe ta bi motar makaranta ta Dundaye da Kwalkwalawa, ta dawo da la'asar ƙafafu duk ƙura, ta zauna tana danna kwamfutarta, ni kuwa ban taɓa zama kusa da ita na ga me take dannawa ba.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya yi wani aiki na kansa, ya kare shi a gaban malamai kafin a ba shi digiri. Ita sai ta zaɓi takardun kakanta. Ta same ni ina sauraron rediyo ta ce tana son makullin akwati, za ta tsara takardun ta sa su a kwamfuta. Ta yi bayani mai tsawo. Na ce "to", na miƙa mata makulli, idona na kan rediyo. Na riƙe wannan "to" ɗin a raina domin daga baya na rantse cewa ba a nemi izinina ba, alhali an nema.

Wata uku tana wannan aiki. Irin waɗannan littattafai ba a ɗinke suke ba, warƙa warƙa ne, wato falle falle, a cikin gafaka ta fata, kuma gara ta riga ta yi musu ta'adi, na wannan littafi sun shiga na wancan. Takan share kowace warƙa da gashin kaza, ta gano littafin da ta fito, ta saka mata 'yar takarda mai lamba, ta ɗauki hotonta, sannan ta rubuta a kwamfuta abin da warƙar ke magana a kai da wanda ya rubuta ta. Inda rubutu ya gagare ta sai ta tsaya a Dundaye a hanyar dawowa, wurin wani tsohon ɗalibin mahaifina, ya karanta mata. Duk wannan daga baya na sani.

Ranar Larabar, bayan azahar, ina zaune a majalisa sai ga taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina. Tsakaninmu akwai wasa tun muna yara, kuma bakinsa ba shi da linzami. Ya zaro waya ya ɗaga sama.

"Ɗan Malam, ashe kun buɗe kasuwa ba ku gaya muna ba? Ga asirin gidanku nan cikin waya. Ɗana da ke aji guda da ɗiyarka yat turo min, ya ce duk 'yan ajinsu sun gani."

Na karɓa na duba. Rubutun mahaifina ne, ba na ɓata shi ko daga nesa. Wani a gefe ya ce in karanta musu su ji wane laƙani ne, ko na kasuwa ne su ma su samu. Aka yi dariya. Taubashina ya ce, "Ku bar shi, wanga ko awon wuyan riga sai ya sa tabarau." Aka ƙara dariya. Na tsaya da waya a hannu ina kallon layukan ubana, ban iya fitar da jimla guda ba. Wasa suke yi, irin wanda muka saba, amma ni a ranar ji na yi kamar an tuɓe mini riga a tsakiyar kasuwa.

Ban koma shago ba. Na shiga gida na wuce shigifa kai tsaye. Yarinyar tana makaranta. Na tarar da takardu jere a kan tabarma, tuli tuli, kowane da 'yan takardu masu lamba suna leƙowa. Abin da idona ya gani kawai shi ne sunan Allah a ƙasa, da rubutun boko an cusa a tsakanin rubutun Malam. Na durƙusa na dinga zare lambobin nan ina watsarwa. Na tattara tulin gaba ɗaya, na wannan a kan na wancan, na danna a akwati na kulle.

A can gefe akwai wasu guntaye, yagaggu, masu huji, an shimfiɗa su tsakanin kwalaye biyu an danne da dutsen guga. Tun muna yara aka koya mana cewa takarda mai sunan Allah idan ta lalace ba a barinta tana yawo, ƙona ta ake yi a binne tokar a wuri mai tsabta. Da wannan na fake. Na kwashe su na fita tsakar gida na ɗebo garwashi a murhu. Uwar yarinyar ta fito tana goge hannu.

"Malam, mi kake ƙonawa? Kayan aikinta ne fa. Ka jira ta dawo."

Na ce mata gidana ne, takardun ubana ne, ba na jiran kowa. Na tsaya har suka cinye, na haƙa rami a gindin bango na binne tokar, har da yin bisimilla. Wallahi a lokacin ji nake na yi aikin lada.

Da ta dawo ta shiga shigifa ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito tana riƙe da 'yan lambobin nan a tafin hannunta. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Baba, waɗanda ke ƙarƙashin dutsen guga fa?"

Na nuna mata gindin bango. Ta kalli wurin, ta kalle ni.

"Ban ɗauki hotonsu ba. Jira nake su miƙe."

Na hau ta da faɗa. Na ce ta tona mana asiri, ta mai da kakanta abin kallo a wayar yara, wannan ne karatun da nake biya mata kuɗin mota a kai? Ta ce shafin da aka gani bayanin alwala ne, wanda kowane ɗalibi ya sani, ta tura wa 'yan ajinsu ne ko wani zai gane wata kalma, kuma sai da ta gaya mini. Na ce ƙarya take. Ta ce saura kwana goma ta kare aikinta, malamai za su zaɓi lamba a kwamfuta ta ciro musu warƙar su gani, kuma rabin takardun ma ba ta gama ɗauka ba. Ta roƙe ni makulli. Na sa shi a aljihun 'yar ciki na ce ko a mafarki.

Abin da ya fi ba ni haushi yanzu shi ne, ni tela ne. Na san idan na yanka yadin mutum goma na sa wa kowane alama da alli, wani ya zo ya goge alamomin ya cakuɗa yankan, ya kashe mini aiki ko da bai yaga ko zare ɗaya ba. Babu wanda ya fi ni cancantar gane me waɗannan lambobi suke nufi. Amma na zauna da makulli a aljihu ina kallon kwanaki suna wucewa. Uwarta ta daina yi mini magana sai ta dole. Yayanta ya zo ya durƙusa, na kore shi. Kowace safiya yarinyar takan gaishe ni kamar kullum, ta ce, "Baba, makullin?" in ce a'a, ta ce to. Ranar kare aiki ta zo ta wuce. Aka ɗage mata zuwa baɗi. Daga baya 'yan ajinta suka sa rigar kammalawa suka tafi bautar ƙasa, ita tana gida tana wanke-wanke.

Kamar sati uku da ƙona takardun sai ga tsohon nan na Dundaye a kan mashin, an goyo shi, sanda a hannu. Ya ga yarinya ta daina zuwa, ya aiko aka gaya masa abin da ya faru. Na fito da tabarma, ya ƙi zama. Bai ma amsa gaisuwata ba.

"Kai, ka san mi kaƙ ƙone?"

Na ce yagaggun takardu ne, na yi musu abin da aka koya mana.

"Wa yak koya maka? Malam? Ni na zauna gabanai shekara goma sha biyu, ban taɓa ganin ya sa wuta ga takarda ba sai ya karanta ta sau biyu. Kai ka karanta?"

Ya buga sanda a ƙasa.

"Warƙoƙin ƙarshe ne. Su ka fara lalacewa don su ke ƙasa. Nan Malam yar rubuta sunanai, da wanda yak karantar da shi, da wanda yak karantar da wancan. Yarinyar ga ta kawo min biyu na gani da idona, na yi kuka. Gara ta yi shekara ashirin tana ci ta bar muna su, kai ka gama da su kahin la'asar. Ka ce girmamawa? Kunyar jahilcinka ce kah huce ga ɗiyarka."

Maƙwabta suna jin komai ta kan katanga. Da wani ne ya gaya mini haka da an raba mu. Amma ya faɗi daidai abin da na sani tun a majalisa. Na sa hannu a aljihu na ciro makulli. Ya ce ba shi zan ba wa ba.

Na shiga ciki na same ta tana tankaɗe. Na ajiye makullin a gefen faranti na ce ta yafe mini. Ban taɓa faɗa wa ɗan da na haifa wannan kalma ba sai ranar. Ta ce ba komai, Baba, amma ba ta ɗago ba, kuma ban ga laifinta ba.

Gyaran ɓarnar ya ci kusan wata biyar. Na riƙa rufe shago da wuri ina zama da ita a shigifa. Takan nuna mini hoto a kwamfuta, ni kuma in bi tulin ina neman warƙar da ta yi daidai, ina duba yanayin yagewa da hujin gara, domin idon tela ya san gefen da ya dace da gefe. A nan ne na fara ganin abin da ta yi shekara huɗu tana koyo. Ka rubuta kalma ɗaya, sai ga duk inda Malam ya yi magana a kanta. Ta kare aikinta a shekara ta gaba, ta fita da sakamako mai kyau, amma shekarar da na cinye mata ba ta dawo ba.

Ranar da ta gama, ta nuna mini wani wuri a tsarin. Lambobi ne goma sha tara a jere, babu hoto a gaban ko ɗaya. A ƙarƙashin kowace an rubuta cewa an rasa ta a wuta. Na ce ta ƙara da cewa ɗan mai takardun ne ya ƙone su, domin na baya su san gaskiya. Ta ce ba ta yi wa wannan gurbi ba. Na ce ai ita ta gina abin, ta yi masa gurbi mana.

"Ni na gina shi, Baba, shi ya sa ba zan yi ba."

To ni na rubuta a nan, tunda ita ta ƙi. Abin da na koya da tsufana shi ne, idan ɗanka ya zo da ilimin da ya fi ƙarfinka, ka zauna ka ce masa ya nuna maka, ko da mutanen majalisa za su yi dariya. Kuma idan zuciya ta ɗebe ka har ka fara kiran fushinka da sunan addini, ka janye hannunka daga duk abin da ba za ka iya mayarwa ba, ka jira mai shi ya dawo.