Tokar Baba da ɓeran ordinatar

Wai akwai injin da ke daina ɓarna in ana kallonsa. Dariya na yi, sai da na kama aikin ordinatar, wato kwamfuta, a Yamai, ƙarshen shekarun saba'in.

Ni na rubuta porogaram ɗin da ke haɗa ordinatar da injin buga takardu, amma ya riƙa cijewa tsakiyar aiki. In na sa shi buga rahoton kowane mataki, sai ya rage sauri, matsalar ta ɓuya. Shef, shugabanmu, ya ba ni sati guda, ko in tattara komatsaina.

Na je gida Madarunfa neman addu'a, na iske Baba yana baza toka bakin rumbu saboda ɓera.

"Baba, ba ka tsayawa gadi?"

"Kai ɗan boko, wane ɓera ke fitowa gaban mai gadi? Sawunshi nike so."

Na koma na sa porogaram ɗin ya riƙa aje 'yar alama shiru cikin ƙwaƙwalwar ordinatar. Da ya sake cijewa, na bi sawu har ramin. Layi guda ne tak na porogaram ɗin ke da kuskure! Shef da kansa ya zuba mini kofin kafe.

Ku wa ya taɓa gaya muku injin na jin kunyar ido? Ni dai ta ƙarshe da ta gaya mini haka injiniya ce, jiya a waya: jikata Rabi.