Gadon da Ulbosin Ta Ba Orazali

Ulbosin maƙwabciyata ce a garin Taraz, katanga ce kawai ta raba mu, kuma tun muna amare na gane ba ta da mantuwa. Idan ka taka ta ba za ta ce maka uffan ba, sai ma ta ƙara maka nama a kwano. Ni da nake zazzage abin da ke cikina nan take in huta, tsoron irin waɗannan mutane nake ji.

Mijinta Sagindik ɗan kwangilar tituna ne. Da wata tsohuwar motar kwalta ya fara, ita kuma tana bin ma'aikatansa daji-daji da tukunya, tana dafa musu taliya da naman doki. Haka suka raini kamfanin har ya yi suna. Ba zan ce Sagindik waliyyi ne ba. A sana'arsu wanda bai iya toshiyar baki ba, ko cike rami ba za a ba shi ba, shi kuwa ya iya.

Akwai wani Orazali da Sagindik ya ɗauko daga ƙauye, ya koya masa aiki, ya yi masa aure. Da ya ji ƙarfi sai ya buɗe nasa kamfanin, har ya fi na maigidansa motoci. Abin da ya rasa shi ne tsohon suna, don manyan ayyukan gwamnati sai kamfanin da ya daɗe yana yi ake ba. Ya nemi su haɗe kamfanonin su zama ɗaya, Sagindik ya ƙi. Ba a jima ba sai ga masu binciken cin hanci sun yi sallama, suna tambayar wata goɗiya da aka kai wa wani jami'i kyauta kafin a ba da aikin wani titi. Ban da matarsa, Orazali kaɗai Sagindik ya taɓa gaya wa zancen goɗiyar nan.

Ana cikin je ka dawo zuciyar Sagindik ta buga. Ranar jana'iza babu wanda ya kai Orazali kuka, har sai da aka rirriƙe shi. Na ji kamar in kwaɗa masa ludayi. Ulbosin kuwa ta karɓi gaisuwarsa hannu biyu, sai da jama'a suka watse ta leƙo ta katanga ta ce da ni, "Yunwa yake ji, ƙawata. Zan ciyar da shi har ya ƙware."

Duk gari an ɗauka bincike ya bi mamaci kabari. Ni dai ina ganin masu binciken nan suna ci gaba da zuwa gidanta a wata ƙaramar mota. Ashe sun bar zancen titi sun koma kan wata gada ta can baya, zamanin da Orazali ne ɗan aiken da ke kai wa jami'ai saƙo, kuma yanzu kamfanin suke bi. Ulbosin ba ta bari kowa ya ji wannan zance ba.

Da shekara ta zagayo ta yi sadakar marigayi. Aka yanka doki, dattawan dangi suka cika gida. Da aka kawo kan rago, rabon babban baƙo, sai ta sa aka tsallake masu furfura aka ajiye shi gaban Orazali. Sannan ta miƙe.

"Ƙanena, ni mace ce, na gaji. Kai ne ɗan da marigayi ya raina. Ka haɗa kamfaninsa da naka, da sunan da komai, kada in ga ya faɗa hannun bare."

Orazali ya sunkuyar da kai wai shi mai kunya, amma kunnuwansa har sun yi ja don daɗi. 'Yarsa Akmaral, wadda lauya ce, ta matso ta yi ƙasa da murya, sai dai ina kusa da tiren shayi na ji komai.

"Baba, ka sayi motocin kawai. In kuwa sai an haɗe, ka ba ni lokaci in duba. Ranar da muka zama ɗaya, duk abin da kamfanin nan ya taɓa aikatawa mu muka aikata."

Ulbosin ma ta ji. Ta ce, "Ku bar ta ta duba mana, ai aikinta ne. Marigayi ba ya nan balle ya kare kansa. In ɗan da ya raina yana ganin ɓarawo ne, a bincike shi ranar sadakarsa."

Wani tsoho ya ajiye wuƙarsa ya ce, "Orazali, yau kuma 'ya'ya ke yi wa iyaye ciniki a gidanka?"

Orazali ya juya ya harari 'yarsa. "Ke, boko ya ɓata ki. Tashi ki zuba wa mutane shayi."

A ganinsa ya san iyakar dattin, tunda shi ya tono shi. Dattawa suka ɗaga hannu suka sa albarka, kuma a wurinmu abin da aka sa wa albarka a kan abinci ba a warware shi. Aka haɗe kamfanonin a gurguje. Na ce da Ulbosin, "Guminki na shekara da shekaru fa kika kyautar." Ta ce, "Ba kyauta na yi ba. Saya na yi."

Kafin sanyi ya shigo ƙaramar motar nan ta canza gida. Aka rufe asusun sabon kamfanin, aka hana shi neman aikin gwamnati, banki ya janye. Masu binciken da suka shiga don gada suka tarar da tasa ɓarnar ta kansa, suka gyara zama. Motocinsa suna nan jere a bayan gari, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Ban ji tausayinsa ko kaɗan ba. Akmaral ce ta ba ni tausayi, don ita ke yawon kotu yanzu.

Wata safiya ina gidan Ulbosin muna murza ƙullu sai ga shi ya shigo, ya rame, kwat ta yi masa yawa. Ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Matar Yaya, kin san da zancen gadar nan?"

"Na sani."

"Kika bar ni na haɗiye?"

"Ai 'yarka ta gaya maka. Ni jahila ce, me na sani game da kamfani?"

"Ina da iyali, Matar Yaya."

"Shi ma yana da su."

Ta goge hannunta ta ɗauko buta. Baƙon da ake so ya daɗe, rabin kofi ake zuba masa, a yi ta ƙara masa ana hira. Ulbosin ta cika nasa har baki, ta miƙa masa da hannu ɗaya. Ya daɗe yana kallon kofin. Da ya karɓa, shayin ya zubo masa a yatsu, bai ajiye ba. Ya shanye da zafinsa, ya tashi ya nemi takalmansa.